Kifi a Wuyan Salansa

Kawu Ramlan ya kawo motar garejina ranar Talata bayan azahar, lokacin da ya san ma'aikata sun tafi cin abinci. Bai tsaya a bakin ƙofa ba. Sai da ya kai ta can ƙurya, bayan tulin tayoyi, sannan ya kashe, ya fito, ya ce in ja ƙofa.

Motar ƙirar Ingila ce ta shekarar sittin da bakwai, kujera biyu, buɗaɗɗen kai, koriya. Tun ina firamare take hannunsa. Duk garinmu Ipoh an san ta, an kuma san mai ita: Haji Ramlan, yayan mahaifiyata, tsohon jami'in kwastan, alƙalin ƙungiyar masu tsofaffin motoci. Sau ɗaya a shekara yake buɗe bonet ɗin kowa, ya leƙa da tocila, ya ce wannan asali ce, wannan an taɓa ta. Wanda aka taɓa injin motarsa, da hannunsa zai kwance tambarin ƙungiya daga gaban motar, ya kama gabansa. Kawu ne ya kafa dokar. Da ita ya kori Jamaludin, abokinsa tun makaranta, don ya canza kabireta. Tun daga ranar, ko a masallacin Juma'a ba sa haɗa sahu.

"Bajamushe," in ji shi. Sunan da ya laƙa mini ke nan tun da na dawo daga karatu a ƙasar Jamusawa. "So nake ka ƙara mata ƙarfi."

Na tsaya ina kallonsa.

"Ka daina kallona kamar na ce ka yi sata. Ƙarfi na ce. Amma in na buɗe ta, ni da kaina, da tocilata, kada in gane."

"Kawu, dokar fa?"

"Fatawa na zo nema wurinka?"

Na san mafarin maganar, don babu wanda bai sani ba. Kowace shekara ƙungiyar takan hau dutse daga Tapah zuwa Tanah Rata ta tsohuwar hanya. Bara kowa ya wuce Kawu. Maniam, wanda ya yi manajan gonar roba har ya yi ritaya, da ya zo wucewa sai da ya cire hularsa ya kaɗa masa. Daga baya wata tsohuwar roka mai ɗauke da kashin kaji ita ma ta wuce, ta zauna a gabansu har sama. Inna Sabariah, matar Kawu, da mayafi a hanci ta isa. Tun daga nan duk inda Maniam ya gan shi sai ya ce, "Haji, bana in tanadar maka ɓauna ta ja ka?"

Na ce, "Za a iya. Amma sai an sauke inji."

"Sauke. Duk wanda ya tambaya, birki ake gyarawa."

"Inna fa?"

"Ita ma birki."

Na sauke injin a wannan makon. Na faɗaɗa ramukan silinda, na sa fistin masu ɗan girma. Na kankare kan injin kaɗan don matsi ya ƙaru, na goge hanyoyin iska har suka yi santsi, na sa bawul manya. Kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, na zaɓi mai hankali, wanda ba zai sauya muryar motar ba in tana tsaye tana aiki, don Kawu da abokansa da kunne suke fara bincike. Na kwashe kayan cikin mai raba wuta na zuba na zamani, na mayar da tsohon murfin da tsagewarsa. Kabireta biyun ban taɓa jikinsu ba, allurar ciki kawai na canza.

Injin da ya ƙara ƙarfi zafi yake ƙarawa. Wuyan salansa, wato ƙarfen da ke kwashe hayaƙi daga jikin inji, yana kusa da kabireta, kuma in ya yi zafi fiye da kima fetur zai tafasa a hawan dutse. Don haka na aika da shi Kuala Lumpur aka shafe cikinsa da wani abu mai kama da tangaran, wanda ke tsare zafi a ciki ya tura shi waje ta bututu. Da ya dawo na yi ta yayyafa wa bayansa ruwan gishiri ina shanya shi, har tsatsarsa ta dawo.

Ƙara ƙarfin bai ba ni wahala ba kamar ɓoyewar. Duk notin da na kwance, shi na mayar a raminsa. Inda fenti ya goge na haɗa launi, na dushe shi da dafaffen shayi. Tsohon baƙin man da na tsiyaye ban zubar ba, da shi na riƙa shafa gefen sabon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin ƙarafan inji, ina barbaɗa ƙura.

Kawu kullum yana nan. Da safe zai zo da shayinsa a leda, ya ja kujera, ya hana ni sakat.

"Wancan notin ya cika ƙyalli."

"Nata ne, Kawu. Wankewa kawai na yi."

"Wa ya ce ka wanke? Mayar masa da dauɗarsa."

Wata rana ya cire agogo ya kama mini aiki, ya koma gida da baƙin mai a hannun riga. Bayan wata guda muka mayar da injin. Ya sa ni na ja gefe, ya rufe bonet, ya zagaya motar kamar bai taɓa ganinta ba, sannan ya buɗe ya kunna tocila. Ya daɗe a sunkuye. Ya sa madubin likitan haƙori da yake yawo da shi a aljihu, ya leƙa ƙarƙashi. Ya shinshina. Ya tayar da ita ya kara kunne.

"Anya ka yi wani abu kuwa?"

"Shiga mu gani."

Muka hau babban titi. A giya ta uku ya taka totur, motar ta zabura, hularsa ta tashi ta faɗa kan kwalta a bayanmu. Bai tsaya ɗauka ba. Sai da muka dawo gareji ya kashe ta, sannan ya ce, "To."

Ranar hawan dutse ya sa aka ɗauke ni bakaniken rakiya. Aikina in biyo bayan kowa da a-kori-kura da kayan aiki, ko wata za ta mutu a hanya. Muka haɗu da hantsi a Tapah, gaban wani shagon shayi. Motoci sun jeru a gefen titi, masu su kuma, yawancinsu furfura ta gama cin kansu, suna shan shayi suna zagin gwiwoyinsu. Ban taɓa zuwa wannan taron ba. Shekarun da suka fara shi ba na ƙasar.

Maniam ya zo ya dafa ƙofar motar Kawu. "Haji, na ji an yi maka birki. Me za ka yi da birki? Ai taka ba ta buƙata, da kanta take tsayawa."

"Ka ci gaba da surutu, ɗan roba."

"Hajiya, in kin gaji da ƙamshin kaji, akwai kujera a tawa."

Inna Sabariah ta yi dariya, ta buɗe wani babban kwando. Cike yake da ƙunshi-ƙunshi na ganyen ayaba, kowanne an sake naɗe shi da takardar gwangwani. Ta fara rabawa, kowace mota ɗaya. Na ga tsofaffin nan suna buɗe bonet, kowa ya fito da guntun waya daga aljihu, ya ɗaure ƙunshinsa a wuyan salansa.

Na tambayi Likita Leong, wanda motarsa ke kusa da ni, ko mene ne wannan.

"Abincin rana," in ji shi. "Kifi ne. Innarka ke cusa masa barkono da kwakwa, tun da aka kafa ƙungiya. A nan ake ɗaurawa ɗanye, kafin a kai sama ya gasu. Tsayin hanyar daidai gashin kifi ne, kamar da gangan aka auna."

Na je wurin Kawu. Yana sunkuye yana murɗa wayarsa. Na sunkuya kusa da shi kamar ina duba ruwan lagireto.

"Kawu, wurin nan ba ya zafi kamar da."

"Wane wuri?"

"Inda kake ɗaure kifin. Na tsare zafin a ciki. Ba ka gaya mini ana girki a kai ba."

"Ƙarfe ne, zai yi zafi."

"Zai yi, amma ba kamar da ba. Ka tafi a hankali, ka ba shi lokaci."

Ya ɗago ya dube ni. "A hankali? Don in tafi a hankali na ba ka mota wata guda?"

Maniam ya matso, sai na yi shiru. Kawu ya rufe bonet.

Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Hanyar ƙunci gare ta, kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Da farko Kawu ya zauna a tsakiyar jeri kamar mutumin kirki. Ina hango koren motar duk sanda hanya ta lanƙwasa. Da muka wuce inda ruwa ke zubowa daga dutse, inda masu sayar da zuma da gora ke kafa rumfuna, hanya ta ɗan buɗe. Nan na ga ta fita daga layi. Ta wuce ta Likita Leong, ta wuce wasu biyu, ta jera da jar motar Maniam. Kawu bai kaɗa hula ba, hannunsa biyu na kan sitiyari. Inna ta dafe mayafinta da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe ƙofa. Daga nan ban sake ganinsu ba.

Wata mota ta yi zafi a hanya, na tsaya na ba ta ruwa, don haka ni ne na ƙarshen isa. Wurin da suke sauka wani tsohon masauki ne mai fili a gaba, da dogon teburi a ƙarƙashin rumfa. Akwai sanyi. An jera ƙunshin kifin a kan teburi bisa yadda aka iso, don kowa da ya tsaya yake kwance nasa kada ya bushe. Na Kawu ne a kan gaba. Yana zaune a kan kujera ya harɗe ƙafa, ana ta yi masa tsiya.

"Haji, me ka ba ta? Zuma?"

"Addu'a," in ji Kawu. "Da fulogi masu tsabta. Ku ba kwa wanke fulogi."

"Ni dai na ga wucewar wani abu kore," in ji Maniam. "Na ɗauka aku ne."

Inna tana zuba shinkafar kwakwa a faranti. Likita Leong ya miƙe ya ce tunda bakanike ya iso, a fara. A nan na ji sauran al'adar: wanda ya riga kowa isowa, kifinsa ake fara buɗewa, kowa ya gutsura kafin ya taɓa nasa. Kawu bai taɓa riga kowa ba, shi ya sa abin bai zo masa a rai ba.

Maniam ne ya warware ganyen. Ƙamshi ya tashi, amma ba sosai ba. Ya gutsura ya kai baki. Ya tauna sau biyu, ya tsaya. Likita Leong ya sa cokali mai yatsu ya ɗaga tsokar. Bayan kifin ya yi fari, amma daga tsakiya zuwa ƙaya jajir yake, yana ƙyalli.

"A matsayina na likita," in ji shi, "wannan in aka yi masa allura zai iya tashi."

Aka yi dariya. Wani ya buɗe nasa, ya gasu har ganyen ya yi baƙi. Wani ma ya buɗe, haka. Maniam ya haɗiye abin da ke bakinsa da kyar, ya kurɓi shayi.

"Haji, tsaya. Na yarda ka yi sauri, lokaci ya ragu. Amma injin da ya yi gudun da na gani yau, ai kamata ya yi ya mayar da kifi gawayi. Ya aka yi ya yi gudu bai yi zafi ba?"

"Sai ka tambayi kifin."

"Motar zan tambaya. Ara mini tocilar."

Kawu ya ciro ta daga aljihu ya miƙa masa, har da madubin. Duka suka tashi suka kewaye motar. Maniam ya buɗe bonet. Ya duba kabireta, ya karanta lambar jikin inji, ya shafa wuyan salansa ya dubi tsatsar da ta biyo yatsansa. Ya taɓa tsagewar murfin mai raba wuta, wadda ya sani tun tuni. Ya sa aka tayar da ita, suka yi tsit suna saurare. Likita Leong ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya leƙa ƙasa. Ni ina gefe ina cin shinkafa.

Maniam ya miƙe ya kashe tocilar. "Ban ga komai ba. Asali ce."

Da Kawu ya yi shiru a nan, da magana ta ƙare. Suna komawa teburi Likita Leong ya ce, shi da kansa yake magana, "To me ya hana kifin gasuwa?"

"Ai ba daga mota ba ne," in ji Kawu, da ƙarfi, yana gyara zama. "Daga kicin ne. Hajiya ce ta naɗo mini nawa da ƙanƙararsa daga firji. Tsufa ya fara taɓa hannun."

Wasu suka yi dariya. Inna ta ajiye ludayi.

"Haji, me ka ce?"

"Wasa nake, zuba shinkafarki."

"A'a, maimaita, ban ji da kyau ba. Kifin firji? Ni Sabariah?"

"Hajiya, ki bar shi," in ji Maniam.

"Ba zan bari ba, Maniam. Yau da sassafe na je kasuwa da ƙafata, na zaɓe su ɗaya-ɗaya, kansu ɗaya. Shekara nawa ina naɗa muku kifi a wurin nan? Wa ya taɓa cin ɗanye? Likita, ka taɓa?"

"Ban taɓa ba, Hajiya."

"To. Kwando ɗaya, hannu ɗaya, na kowa ya gasu sai na mijina, kuma ni ce tsohuwa." Ta juyo ta nuna ni da ludayin. "Ga ɗan ƙanwarsa nan, ku tambaye shi abin da suka yi wa motar nan wata guda cur. Kullum ya dawo mini da baƙin mai a riga, in tambaya ya ce birki. Na leƙa garejin ran nan zan kai musu abinci, na ga injin a rataye da sarƙa kamar saniyar layya. Ban ce komai ba, na ce ba ruwana. Birki ne ya kusa fizge mini wuya a kwanar masu zuma?"

Babu wanda ya yi dariya. Duka suka juyo gare ni.

Na ce, "Ni bakanike ne. Ga mai mota nan."

Kawu ya dubi farantinsa. Ya ɗauki ƙwayar shinkafa ɗaya da ta faɗi a teburi ya mayar ciki. Sannan ya ce, "Bajamushe, kawo sukundireba."

"Haba Haji, zauna," in ji Maniam. "Wa ya ce ka tashi? Dukanmu nan wa ya rage da kayansa na asali? Likita gwiwar ƙarfe gare shi, ni haƙorana a kofi suke kwana. A sassauta dokar nan kawai. A kira Jamaludin ma ya dawo, a wuce wurin."

"Jamaludin?"

"Shi."

"Ya dawo ya zauna a teburin nan, ina ci yana kallona yana murmushi?"

"To sai me? Kwana biyu ne ya gaji."

"Ba ka san Jamaludin ba. Doka doka ce. Kawo, na ce."

Na ɗauko masa. Tambarin na tagulla ne, da noti biyu a bayansa, kuma tsatsarsu ta gaske ce, ba irin tawa ba. Ya yi ta fama ba su motsa ba. Na zura hannu ta baya na riƙe da sufana, ya murɗa, suka saki. Ya goge tambarin da gefen rigarsa, ya kai wa Maniam, ya ajiye kusa da farantinsa tare da tocilar.

"Madubin kuma nawa ne," ya ce, ya mayar aljihu.

Inna ta tattara kifin ta sake naɗe shi a ganyensa. "Wa injinsa ke da sauran zafi?" Likita Leong ya tashi ya tayar da tasa, ta ɗaure shi da kanta. Da ya gasu ta raba wa kowa, ta tsallake Kawu. Shi kuwa ya cinye shinkafarsa gaya, ya sha shayi, ya yi sallama da su ɗaya bayan ɗaya da hannu, kamar yadda ya saba.

Na raka shi wurin motar. A gaban, inda tambarin yake, an bar da'ira mai haske da huda biyu.

"Akwai sauran abin da za a ƙara mata?" ya tambaye ni.

"Akwai. Amma daga nan sai an gani daga waje."

Ya tsaya yana kallon motar. "A'a. Bar ta haka."

Ya shiga ya buɗe wa Inna ɗaya ƙofar. Ta zo da kwandonta ta wuce shi, ta buɗe a-kori-kurata ta zauna a gaba. Ya jira kaɗan, sannan ya miƙa hannu ya ja ƙofar ya rufe.

Muka biyo shi. A kwana ta farko muna ganin bayansa, a ta biyu ma haka. Daga nan sai ƙarar kawai muke ji a ƙasa da mu, tana nisa.

"Bi a hankali," in ji Inna. "In ya isa ya jira. Makullin gida na wurina."